Ɗakin Ƙarƙashin Bene

Litinin, 6 ga Oktoba

Yau ma sai da na warware wa wani uba ruɗun nan da kusan kowa ke fama da shi. Ya zo ɗaukar 'yarsa daga kulob ɗin kwamfuta, ya tarar ina tura mata wasa a filashi, ya ce, “Malama, wannan ba sata ba ce?” Na ɗauki alli ɗaya na jefa a jakata, na ce to ka ga yanzu makaranta ta rasa alli. Sannan na kwafi wasan sau uku a gabansa, na nuna masa na asalin yana nan inda yake, ko ƙwarzane bai yi ba. Na ce wa aka rage wa wani abu? Ya yi dariya ya ce shi dai direba ne. Ina son irin wannan darasi, na mutum ɗaya, a tsaye a bakin ƙofa.

Wasan na Tsinke ne. Ɗalibata ta farko a kulob. Ta zo tana 'yar shekara sha uku, siririya har yara suka laƙaba mata sunan, ko inda ake kunna kwamfuta ba ta sani ba. Yanzu tana da ashirin da huɗu, kuma shekara biyu ke nan tana gina wasanta, Gidan Haya. Kai ne sabon ɗan haya a gida mai ɗaki ashirin, aikinka sasanta maƙwabta: wa ya ɗauki bokitin wa, wa ya bar famfo a buɗe. Mutum ɗari shida da 'yan kai suka yi mata karo-karo ta intanet. Ni ce ta farko, ni ce kuma mai kula da zauren hirar masu karo-karon a intanet. Alkawarin da ke saman shafin da hannuna na rubuta mata: babu kulle, babu lambar sirri, in ka saya naka ne.

Watan jiya ta raba wa mutum arba'in kwafin gwaji. Nawa da ƙafarta ta kawo har gida, a jan filashi. Ta ce, “Malama, wannan naki ne ke kaɗai. Don Allah ki buga shi har ƙarshe.” Na sa shi a kwamfutoci shida na kulob. Yara kamar su cinye allon. Ni ban samu zama ba tukuna, na dai wuce rigimar bokiti.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Wasan ya fita. Yana shafukan saukewa na banza, an cusa masa tallace-tallace, har masu tura waƙa a waya sun fara sayar da shi a bakin kasuwa. Tsinke ta kira ni lokacin tara, muryarta ƙasa-ƙasa. Na ce ta kwantar da hankalinta, talla ce ta kyauta. Na ce mutum arba'in ne, ba yadda za a yi a san ta hannun wa ya ɓulle.

Sai ta ce, “Haka ne, Malama.”

Asabar, 11 ga Oktoba

Maigida yana gyaran fanka, bai ko ɗago ba, ya ce filashi nawa na tura wa yara. Na ce ban ƙirga ba, kuma yarana ba 'yan kasuwa ba ne. Ya ce, “Ai ban ce ba.” Mutumin nan da tambaya kamar ɗan sanda.

Talata, 14 ga Oktoba

Tsinke ta sa sanarwa a zaure da ƙarfe goma na safe, ina cikin aji. Kamfanin da ya yarda zai sayar da wasan a kantinsa na intanet ya ce tunda kwafi ya bazu, ko a sa kulle ko su janye. Kullen: kowa da lambar sirrinsa, kuma sau ɗaya a mako wasan zai leƙa intanet ya tabbatar kai ne. Ta ba da haƙuri sau uku a cikin layi takwas.

Kafin a tashi an yi magana ta fi ɗari uku. Janar ne ke gaba. Ban san fuskarsa ba, hotonsa hular kwano ce, an ce mai sayar da magani ne. Ya rubuta, “Mun ba ki kuɗin gina gida, kin gama kin ce mu riƙa ƙwanƙwasawa.” Wani ya ce shi inda yake aiki sai ya hau kan tanki yake samun sabis. Wata ta ce ɓarawo yana buga nasa hankali kwance, mai gaskiya ne zai riƙa nuna takarda duk mako. Gaskiyarsu. Kullum haka kulle yake, wanda ya biya shi yake wahalarwa.

Abin da ya fi yi mini ciwo, ba ta shawarce ni ba. Alkawarin nan jimlata ce.

Laraba, 15 ga Oktoba

Na je wajenta bayan an tashi. Har yanzu a bayan shagon ɗinkin mahaifiyarta take aiki, labule ne tsakani. Tebur ɗaya, kwamfutar a kan tubali biyu don kada ta yi zafi, bango duk takardu, kowane ɗan haya da hotonsa da jerin abin da ke ba shi haushi. Keken ɗinki yana ta gudu ta bayan labule. Ta miƙe ta ba ni kujerarta, ita ta zauna a kan buhun ƙyallaye.

Na yi mata magana mai kyau, wallahi mai kyau. Na tuna mata ranar da ta fara sa akwati ya motsa a allo ta yi ihu har shugaban makaranta ya leƙo. Na ce 'yata, amana ta fi kamfani.

Ta ce, “Malama, in sun janye, wasan zai tsaya a hannun mutum ɗari shida da 'yan bakin kasuwa. Shekara biyu.”

Na ce shekara goma ma, alkawari alkawari ne.

Sai ta ce, “Kin buga shi har ƙarshe?”

Na ce saura kaɗan. Ta dube ni wani iri, ta ce to. Ta rako ni har titi, ta riƙe mini jaka kamar kullum. Ba ta ce za ta cire ba.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Na rubuta wa zaure buɗaɗɗiyar wasiƙa. Awa biyu, na gyara sau huɗu. Ban taɓa rubuta abin da ya tsaru haka ba.

Na ba da tarihi, tunda ni kaɗai na san shi. Cewa duk manhajar da ta koyi zane da ita kwafi ce daga filashina. Cewa littafin farko da ta karanta kan gina wasa hoto na ɗauko mata shafi-shafi. Cewa sau biyu kulob ya yafe mata kuɗin wata. Na rufe da wannan: “Da a lokacin an kulle miki ƙofa kamar yadda kike so ki kulle wa na bayanki, da yanzu kina ɗinka maɓalli a shagon mahaifiyarki.”

Na karanta wa Maigida. Ya ce, “Cire ta ƙarshen.” Na ce ita ce ƙashin bayan wasiƙar. Ya ce ya sani, shi ya sa. Na tura yadda take.

Ba don na tozarta ta ba ne. Yaro in ya kauce, wanda ya rene shi ne ke da hakkin ja masa kunne. In ba ni ba, wa?

Lahadi, 19 ga Oktoba

Wasiƙar ta fita daga zaure, tana yawo a wasu wurare. Wani malamin jami'a ya ce ya kamata a koyar da ita. Na karanta wannan sau uku, ba zan ɓoye ba.

Sun sa mata sabon suna, Mai Maɓalli. An ɗauko hotonta na shafin karo-karo, wanda take murmushi da haƙorinta mai ɗan karkata, an liƙa a jikin ƙaton kwaɗon ƙofa. Wani ya yi ɗan gajeren wasa, minti ɗaya, kana jifan fuskarta da maɓallai, duk wanda ya shiga baki maki goma. Abin takaici, an gina shi da kyau. Na yi wa mai shi magana cewa ya rubuta maɓalli ba daidai ba.

Tana cikin zauren, ina ganin alamar ta karanta. Ko uffan.

Litinin, 20 ga Oktoba

Janar ya naɗa ni Uwar Zaure. Har da hoton kambi.

Laraba, 22 ga Oktoba

Wani ya gano shagon. Ya sa hotonsa daga tsallaken titi, ana ganin allon da lambar waya a jiki. Yanzu wasan da suke yi ke nan, a kira a ce ana son a ɗinka maɓalli dubu, a kashe. Suna sa muryar a zaure. Na saurari ɗaya. Mahaifiyar ce ta ɗauka, tana ta cewa, “Wane iri, ɗana? Na riga ko na wando?”

Na goge hoton. Muryoyin na goge biyu, sauran sun yi yawa, kuma in na matsa za a ce Uwar Zaure ta fara kulle baki. Na rubuta cewa mu tsaya a kan hujja. An ba ni alamar zuciya tamanin.

Sun kuma yi dandazo sun je shafin kamfanin suna ba wasan tauraro ɗaya, maki mafi ƙasa ke nan, wasan da bai fito ba. Da yawa sun ce a mayar musu da karo-karonsu. Ɗaya ya rubuta cewa ya riga ya sauke na sata, yana bugawa, yana jin daɗinsa, kuma yana son kuɗinsa. Bisa darasina na alli, ai bai rage wa kowa komai ba.

Kaina na ciwo tun rana.

Asabar, 25 ga Oktoba

Maman Tsinke ta zo da hantsi. Ta kawo rigar da na bayar tun kafin wannan abu, an goge an ninke a leda. Na ce ta shigo, ta ce a nan ma ya isa. Ta tsaya a bakin ƙofa, da tef ɗin awo har yanzu a wuyanta.

Ta ce, “Malama, ni ban san kulle ba ban san buɗe ba. An karanta mini takardarki. Hausarki da daɗi.”

Na fara bayani, ta ɗaga hannu.

“Maɓallin nan shi ya saya mata kwamfutar. Ke kin ba ta abin ciki, ban musa ba, Allah ya saka. Amma kwamfutar maɓalli ne.”

Ta ce ta canza lambar shago, kwastomomin shekara ashirin ba su da sabuwar. Ta ce yarinyar ba ta cin abinci sai an tsaya a kanta. Ta juya za ta tafi, ta sake juyowa, ta ce akwai maganar da ke bakinta amma Tsinke ta haɗa ta da Allah kada ta faɗa. “Ta ce ke malamarta ce.”

Na gwada rigar. Ta zauna daidai. Maɓalli bakwai, kowanne an ɗinke shi kamar ba za a mutu ba.

Talata, 28 ga Oktoba

Sabuwar wuta. Wani ya gano cewa a kwafin sata akwai ɗaki a ƙarƙashin bene, kusa da ƙarshen wasan, wanda babu shi a kwafin gwaji. Mutum goma sha ɗaya cikin arba'in ɗin sun duba nasu, bango ne kawai a wurin. Janar ya rubuta da manyan baƙaƙe: ƁARAYI SUN FI MU ƊAKI ƊAYA. Wasu na cewa ita ta saki kwafin da kanta don ta samu dalilin sa kulle.

Hotunan ba su buɗe mini ba, data ta yi ƙasa. Na dai rubuta cewa masu karo-karo sun cancanci bayani, kuma shiru ba amsa ba ce. Gajere, mai kaifi.

Alhamis, 30 ga Oktoba

Kulob. Ina gyara linzamin kwamfuta ta huɗu sai 'yar direban nan ta ƙwala kira, “Malama, ga ki nan! Wallahi ga ki nan!” Duk suka taso.

A cikin wasan ta sasanta mai gidan da ɗan haya na ƙarshe, sai wata ƙaramar ƙofa ta buɗe a ƙarƙashin bene. Ciki ajinmu ne. Kwamfutoci shida, ta uku da tsagaggen allo. Fankar nan mai fiffike biyu. Tagar da muke tokarewa da rula. Ga mace a tsaye, gajera, garin alli a gefen mayafinta, jan filashi a rataye a wuya. In ka taɓa ta sai ta ce, “Sake gwadawa, kwamfuta ba ta cizo.” Yara suka fashe da dariya, don jiya ma na faɗa.

A kujerar baya akwai 'yar siririyar yarinya, ƙafarta ba ta kai ƙasa ba.

A allo an rubuta: Na gode, Malama. Wannan ɗakin a kwafinki kaɗai yake.

Yarinyar ta karanta da ƙarfi, a hankali, yadda na koya musu. Ta ce, “Malama, yayana ma ya gani a wanda na tura masa.” Na ce kowa ya koma wurinsa. Na ce a kashe kwamfutoci, yau za mu yi darasin baki. Ban tuna abin da na koyar ba.

Tun ranar tara ga wata Tsinke ta sani. Tun kafin ta kira ni. Haka ne, Malama.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Na kira Tsinke sau biyar. Tana shiga, ba a ɗauka.

Na gaya wa Maigida. Na shirya wa “ai na faɗa miki”, har na tanadi amsa. Bai ce ba. Ya tashi ya zuba mini ruwa ya ajiye a gabana, ya koma ya zauna. Da ya zage ni ya fi.

Amma ita ma da laifinta. Me ya hana ta faɗa? Da ta ce Malama, akwai abu a ciki, kada ki raba. To ta ce naki ne ke kaɗai, amma ai kowa haka yake cewa in zai ba da kyauta. Kuma ni ban sa a intanet ba. Kuma maganar kulle har yanzu ina kan bakana, ba ta canza ba don

Ba zan iya ƙarasa wannan jimlar ba.

A zaure suna ta muhawara wace ce matar. Rubutun allon bai fito sosai a hotunansu ba. Wani ya ce ƙila kakarta ce.

Litinin, 3 ga Nuwamba

Tsinke ta sa sanarwa. Layi huɗu. Ta cire kulle. Kamfanin ya janye. Wasan zai fito ranar takwas ga wata yadda aka yi alkawari, kowa ya sauke daga shafinta. Ta gode wa kowa.

Minti ɗaya bayan haka zaure ya nuna ta fita.

Biki. Hotunan wuta, hotunan kofi, an sake ɗora mini kambi. Janar ya ce wannan darasi ne ga duk mai shirin cin amanar 'yan wasa. Kafin la'asar wani ya kawo labarin wani saurayi mai gina wasan tseren kekuna da ya jinkirta wata uku, an fara neman hotonsa.

Mun yi nasara. Na rubuta shi don in ga yadda yake a takarda.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Wasan ya fito yau da safe. Da rana na rubuta a zaure, ba gyara, ba ado. Na ce matar da ke ɗakin ni ce. Kwafin da ya bazu nawa ne, ni na raba wa yara, ban ƙirga ba. Na ce Tsinke ta san haka tun ranar farko ta rufa mini asiri, ni kuma na rubuta abin da na rubuta. Na ce a nemi gafararta, ni ce farko.

Na ajiye wayar na jira a yi mini abin da aka yi mata. Har na ji wani sauƙi-sauƙi.

Janar ne ya fara: “Ashe ke ce jarumar! Uwa ta gari!” Sai tafi. Wata ta ce da ban saki wasan ba da ba a gane halin Mai Maɓalli ba. Wani ya ce ai ya nuna tun farko ita ke sa alama a kwafin mutane, leƙen asiri ke nan. Uku sun biyo ni ta gefe suna roƙon ainihin jan filashin, wai ya zama kayan tarihi. Maganar neman gafara ba wanda ya taɓa ta, kamar ban rubuta ba.

Na sauka daga kula da zaure. An ba Janar.

Laraba, 19 ga Nuwamba

Na gama shi. Kwana goma sha ɗaya, kullum bayan an tashi, ni kaɗai a ɗakin kulob, da sabon da ta saki. Ashe wasa ne mai kyau. Ban sani ba. Kusan wata guda ina yaƙi a kansa ban sani ba. Akwai wata tsohuwa a ɗaki na sha huɗu da ke ɓoye takalman mutane don a zo a tambaye ta, ta samu abokin hira. Na yi kuka a kanta kamar wata sakara.

Na kai ƙarƙashin bene. Ƙofar tana nan, yanzu a kwafin kowa. Da kwaɗo a jiki. Na taɓa, na sake taɓawa, ba abin da ya faru. A zaure, na leƙa, 'yan kaɗan da suka kai nan sun ɗauka gasa ce, suna ta tone gidan neman mabuɗi, har da taswira.

Na tafi shagon. Labulen a ɗage. An lulluɓe kwamfutar da zane, an jibga yadudduka a kai, takardun bango babu. Tana zaune kusa da mahaifiyarta da riga a cinya da kwanon maɓallai a gabanta. Ta miƙe da sauri.

“Sannu da zuwa, Malama. Ya aiki? Ya yara? Ya Baba?”

Ta ba ni kujera, ta aika a sayo mini ruwan sanyi. Gaisuwa cikakkiya, ba abin da ta rage. Na ce 'yata, na zo ne. Ta ce, “Ba komai, Malama, ya wuce.” Na ce na buga har ƙarshe. Ta ce ta gode. Na ce wani kamfanin fa? Ta ce wa zai sayi abin da ke kowace waya. Ta ce ta nemi aikin shigar da bayanai a wani ofis, sun ce wata mai zuwa.

Mahaifiyar ba ta tsayar da keke ba ko sau ɗaya.

Da zan tafi na kasa daurewa, na ce mabuɗin fa, a ina yake?

Ta ce, “Babu, Malama. Ban zana shi ba.”

Ta rako ni bakin ƙofa. Jakata ni na riƙe abata.

Talata, 9 ga Disamba

Jan filashin yana cikin akwatin sarƙoƙina. Na goge wasan daga kwamfutocin kulob na sa sabon. Yara sun yi ƙorafi wai an rufe musu ajinsu.

Laraba, 14 ga Janairu

Na yi ɗan wasa. Ba wani abu ba ne, na koyar da kashi-kashi ne ga 'yan aji ɗaya: kafinta yana yanka katako, rabi, sulusi, rubu'i, in ka yi kuskure teburin ya fito da gurguwar ƙafa. Mataki uku kacal. Mako bakwai ya ci mini, har da hutun da ban huta ba. Hannun kafintan kaɗai kwana huɗu, kuma har yanzu kamar cokali yake. Sau biyu na ɗauki waya zan tambayi Tsinke yadda ake sa zarto ya yi ƙara, na ajiye.

Jiya malamin lissafi ya gani ya ce, “Kai, Malama, tura mini, akwai abokina a wata makaranta.” Na ji bakina ya ce bai ƙarasu ba. Ya ƙarasu tun Lahadi.

Yau na ba shi. Na ba mutum huɗu gaba ɗaya. Sai dai hular kafintan a nasa shuɗiya ce, a na shugaban makaranta kore, haka dai, kuma na rubuta a bangon bayan wannan littafin wa ke da wane launi. Ba kulle ba ne. Kowa zai iya kwafa. Ni ra'ayina yana nan. So nake kawai in sani.

Direban nan ya zo ɗaukar 'yarsa, ya ga alli a hannuna ya yi dariya, ya ce a sake masa darasin nan, ya ba abokansa labari a tasha bai iya faɗa daidai ba. Na ce yau ina sauri.

Har yanzu darasin daidai ne, na sake bin sa a kaina ban ga kuskure ba. Allin ya tafi, wasan na asali bai tafi ba. Amma duk mai son ya koyar da shi, ya fara zama mako bakwai yana zana hannun kafinta. In ya gama, ya zuba a filashi, ya miƙa wa wanda ya fi yarda da shi a duniya, ya ce naka ne kai kaɗai. Ya gwada. Ba ta cizo.